Michael Faraday: Ɗan Maƙerin Da Ya Gano Sirrin Adana Lantarki

An haifi Michael Faraday ran 22 ga watan Satumba, 1791, kusa da birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne mai ƙaramin ƙarfi, saboda haka karatun yaron bai yi nisa ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya riƙa karanta abin da aka ba shi ya ɗinka. A 1812 ya saurari laccocin shahararren masani Humphry Davy, ya rubuce su tsaf, ya aika masa. A 1813 aka ɗauke shi mataimaki a cibiyar kimiyya ta Royal Institution.

Duniya ta fi saninsa da aikinsa na 1831, sa'ad da ya nuna yadda motsin maganaɗisu ke haifar da lantarki. Amma akwai wani gadon nasa da ke ɓoye cikin na'urorinmu, watau kwandansa, ma'adanin lantarki.

Ita kwandansa faranti biyu ne na ƙarfe, da shamaki a tsakaninsu wanda lantarki ba ya ratsawa. A 1837 Faraday ya haɗa ƙwallaye biyu na tagulla, ɗaya cikin ɗaya, ya riƙa sauya abin da ke tsakani. Ya ga gilashi da farar wuta sun fi iska sa ƙwallayen su riƙe lantarki. Ashe shamakin ba ɗan kallo ba ne, shi ne ke ɗauke da nauyin. A 1857 kuma ya bayyana yadda ya saki lantarki mai ƙarfi cikin siririyar wayar zinariya, ta tarwatse, ta kwanta a kan gilashi shafe-shafe.

Waɗannan abubuwa biyu su ne suka haɗu a wani nau'in kwandansar zamani. Shamakinta leda ce, an shafe ta da alminiyam ko tutiya wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na gashin kai ba. In lantarki ya huda ledar a inda take da rauni, sai tartsatsi ya tashi, zafinsa ya mai da ƙarfen da ke kewaye da hudar tururi. Kafin ƙiftawar ido hanyar wuta ta yanke, na'ura ta ci gaba da aiki. Sai dai kowace warkewa tana cin ɗan yanki na farantin, har ƙarfinta ya ragu da shekaru.

Faraday bai ga wannan na'ura ba. Ya ƙi karɓar shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society, ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867. Daga sunansa aka samo farad, ma'aunin ƙarfin kwandansa. Ɗalibin da ke kukan rashin gata sai ya tuna da ɗan maƙerin nan.