Osamu Tezuka, Likitan Da Ya Zaɓi Alƙalamin Zane

An haifi Osamu Tezuka ran 3 ga watan Nuwamba, 1928, a lardin Osaka na ƙasar Japan. Yana saurayi jiragen Amurka suka yi wa Osaka ruwan bama-bamai a kan idonsa cikin 1945. Tun daga nan ya tsani yaƙi, labarunsa kuwa suka cika da jan hankali kan darajar rai.

Ya karanta aikin likita har ya sami takardar shaida, amma ya rungumi zanen labaru, sana'ar da a lokacin ake yi wa kallon wasan yara. A 1952 ya soma labarin Atomu, yaron ƙarfe mai tausayi, wanda aka fara nuna katun ɗinsa a talabijin cikin 1963.

Kamfaninsa ya karye a 1973, bashi ya yi masa katutu, har ana cewa tasa ta ƙare. A shekarar nan kuma ya fito da Black Jack, labarin wani likita marar lasin, ya sake yin tashe.

Ya rasu ran 9 ga watan Fabrairu, 1989, ya bar zane wajen shafi 150,000.