Paul Baran: Injiniyan da ya koya wa saƙo neman hanya da kansa

A tsakiyar shekarun 1960 rundunar sojan saman Amurka ta amince a gina wata sabuwar hanyar sadarwa wadda ko harin nukiliya ba zai katse ta ba. Paul Baran, injiniyan da ya shafe shekaru yana tsara ta, shi ne da bakinsa ya ba da shawarar a jingine aikin. Amma tsarin da ya jingine ɗin, yau shi ne ginshiƙin hanyoyin da na'urori marasa waya ke bi su miƙa wa juna saƙo a inda babu turken sadarwa ko ɗaya.

An haife shi ranar 29 ga Afrilu, 1926, a garin Grodno, wanda a lokacin yake cikin Poland, yanzu kuma yana Belarus. Iyayensa Yahudawa ne, suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1928, suka zauna a Philadelphia inda mahaifinsa ya buɗe ɗan kantin kayan masarufi. Ya karanta injiniyancin lantarki a Drexel, ya gama a 1949, ya yi aiki a kamfanin Eckert-Mauchly mai ƙera kwamfutar UNIVAC, sannan a kamfanin Hughes. A 1959 ya sami digiri na biyu a jami'ar UCLA, a shekarar kuma ya shiga RAND, cibiyar binciken da ke yi wa sojan sama aiki.

Lokacin yaƙin cacar baka ne. Abin da ke hana manyan hafsoshi barci shi ne layukan tarho na nesa duk suna haɗuwa a wasu 'yan tsirarun cibiyoyi. In Tarayyar Sobiyet ta rusa waɗannan, shugaban ƙasa ba zai ji daga dakarunsa ba, su ma ba za su ji daga gare shi ba. Baran ya lura cewa ƙasar da ke tsoron a toshe mata baki da kunne ita ce mai saurin harba makami tun ba a taɓa ta ba. Saboda haka sadarwa mai jure hari, a ganinsa, hanya ce ta rage haɗarin yaƙin kansa.

Sai ya zana tsari mai kama da komar masunta, ba cibiya, ba shugaba, kowace tasha tana haɗe da 'yan maƙwabtanta kaɗai. Gwajin da ya yi a kwamfuta ya nuna cewa in kowace tasha tana da layi uku zuwa huɗu, ko an ragargaza kaso mai yawa, waɗanda suka tsira za su ci gaba da jin juna. Ya kuma ce a riƙa yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bit 1,024, ta ɗauki adireshinta ta kama gabanta, a harhaɗa su a inda za su sauka.

Babbar tambayar ita ce yadda gunduwar za ta san hanya alhali babu mai riƙe da taswira, taswirar ma tana sauyawa a kowane lokaci. Amsarsa ba za ta zama baƙuwa ga mai sayar da albasa a Kasuwar Ose Okwodu da ke bakin kogin Neja a Onitsha ba. Ba wani ofishi da ke aiko masa da labarin hanya. Direbobin da suka sauke kaya yake tambaya: wanda ya biyo ta Lakwaja da Asaba kwana nawa ya yi, wanda ya biyo ta Makurɗi da Inugu fa? Daga nan ya san hanyar da zai ɗora saƙonsa na komawa Arewa, labarin makon jiya kuwa ba ya dogara da shi in na yau ya saɓa masa. Haka tashar Baran take. Kowace gunduwa tana ɗauke da lissafin yawan tasoshin da ta ratsa. Tashar da ta karɓe ta sai ta duba daga ina ta taso, ta wane layi ta shigo, zango nawa ta yi, ta rubuta layin da ya fi kusa. In wata tasha ta mutu, lissafin ya sauya, sai a manta da tsohon a koyi sabo. Gunduwa kuma ba ta kwana a hannu: in layi mafi kyau ya cika, a tura ta na biye da shi nan take, kamar dankalin da aka ciro daga wuta. Da sunan dankali mai zafi ma ya kira dabarar.

RAND ta wallafa aikin a 1964 cikin juzu'i 11, ba a ɓoye shi ba, domin Baran yana ganin gara abokan gaba ma su mallaki irinsa. Kamfanin AT&T, wanda ya mamaye harkar tarho, ya ce abin ba zai yi aiki ba, ya ƙi sa hannu. Da sojan sama suka ce za su yi abinsu, sai ƙa'idar aiki ta ce hurumin Hukumar Sadarwar Tsaro ne, hukumar da ma'aikatanta suka ƙware a tsohon tsarin tarho, ba su da gogewa a fasahar dijital. Duk wanda ya san aikin gwamnati ya san abin da ke biyo bayan aikin da aka gwada ya faɗi: sunansa ya ɓaci, mai neman ya sake ɗago fayil ɗin sai ya sha wuya. Wannan Baran ya hango, ya zaɓi a jira hannun da zai iya.

Jiran bai yi tsawo ba. A Ingila, Donald Davies ya kai ga irin wannan tunani da kansa a 1965, kuma da hukumar ARPA ta kafa ARPANET a 1969, masu tsara ta sun amfana da aikin mutanen biyu. Daga 1973 hukumar ta fara gwada tura gunduwoyin saƙo ta rediyo tsakanin tasoshi masu motsi, inda maƙwabcin yanzu kan ɓace bayan minti ɗaya. Daga wannan zuriya aka sami ƙa'idojin zaɓen hanya irin su AODV, wadda ba ta neman hanya sai buƙata ta taso, da OLSR, wadda kullum take sabunta taswirarta. An fitar da matanin duka biyun a 2003. Sojoji da masu aikin ceto su suka fi dogaro da irin wannan sadarwa, domin sukan yi aiki ne a inda turaku suka faɗi ko ba a taɓa kafa su ba.

Baran ya bar RAND a 1968, ya shiga kafa kamfanoni. Ɗaya daga ciki, Metricom, ya rataya ƙananan rediyoyi a jikin turakun fitilun titi, kowanne yana miƙa wa na gaba, ya fara sayar da intanet mara waya da sunan Ricochet a 1994. Fasahar ta yi aiki, kasuwa ce ba ta karɓa ba, kamfanin ya durƙushe a 2001. Bai yarda a kira shi uban intanet ba, ya fi son a ce aikin mutane da yawa ne. A 2008 Shugaba George W. Bush ya rataya masa lambar yabo ta ƙasa kan fasaha da ƙirƙira. Ya rasu a Palo Alto ranar 26 ga Maris, 2011, sakamakon sankarar huhu, yana da shekara 84.