Paul Voulet: Kyaftin ɗin Faransa da ya shimfiɗa gawarwaki daga bakin kogi zuwa Maijirgi

Masu kallon fina-finan masu laifi sun saba da siffar makashin da ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne shi kaɗai, mai shiru-shiru, yana fita cikin dare yana ɓoye sawunsa, jami'in bincike na biye da shi har ƙarshen fim. Tarihin Nijar yana da nasa makashin, sai dai shi bai ɓuya ba. Da rana tsaka ya yi ta'asarsa, sanye da kakin soja, riƙe da takardar izini daga Paris. Sunansa Paul Voulet, kuma cikin wata bakwai kacal na shekarar 1899 ya bar tabon da har yau bai warke ba.

An haifi Voulet a birnin Paris ranar 10 ga Agusta, 1866, mahaifinsa likita ne. Ya shiga rundunar da Faransa ke turawa ƙasashen da take mamayewa, ya yi ta hawa har ya zama hafsa. Sunansa ya fito ne a 1896, lokacin da shi da abokinsa Julien Chanoine suka afka wa ƙasar Mosi, suka shiga Wagadugu a farkon watan Satumba, sarkin Mosi Mogho Naba Wobgo ya bar gari. Da ƙone-ƙone da kisa aka ci wannan nasara, amma da ya koma gida tarbar gwarzo aka yi masa, aka kuma ƙara masa girma. Darasin da ya ɗauka a fili yake: muddin an kafa tuta, babu mai tambayar yadda aka kafa ta.

A 1898 gwamnatin Faransa ta shirya tura runduna uku su haɗu a tafkin Chadi. Ta Foureau da Lamy za ta taso daga Aljeriya, ta Gentil daga Kwango, ta uku kuma daga yamma, ita ce aka danƙa wa Voulet, Chanoine na mataimakinsa. Mahaifin Chanoine janar ne, har ya riƙe muƙamin ministan yaƙi a wannan shekarar, don haka samarin biyu suna ganin suna da bango a Paris.

A farkon Janairun 1899 ayarin ya haɗu a Sansane-Hausa, a bakin kogin Isa, cikin jihar Tillaberi ta yau. Turawan cikinsa ba su kai goma ba. Sauran sojoji ne baƙaƙen fata da aka ɗebo daga yammacin Afirka, da 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata da bayi, jimilla kusan mutum 2,000. Ba a ba su guzurin da zai ishe su ba, sai abin da suka ƙwata a hanya. Ƙauyen da ke fama da rumbunsa a tsakiyar rani ba zai iya ciyar da wannan taro ba, rijiyarsa ma ba za ta shayar da su ba. Duk garin da ya gaza, Voulet ya ɗauke shi a matsayin mai tawaye.

A nan Sansane-Hausa aka fara. Don ramuwar raunata wasu sojojinsa, ya sa aka kashe mutum 101, cikinsu har da mata da yara. Daga nan abin ya zama al'ada. Ɗan dakon da ya gaji ko ya yi yunƙurin gudu a kashe shi, ɗan jagoran da ya ɓata hanya a rataye shi, kawunan mutane a soke su a kan sanduna don tsorata na gaba. Sojoji kan kawo hannuwan waɗanda suka harbe domin shaidar cewa harsashi bai tafi a banza ba.

Wannan lissafin harsashi ya fi komai bayyana tunanin mutumin. Masana halayyar masu laifi sukan ambaci wasu alamomi ga masu kisa bi da bi: rashin nadama, kallon ɗan Adam kamar kaya, ƙaruwar ta'asa duk lokacin da aka yi ba a hukunta ba, da jin cewa doka ba ta hau kansu ba. Dukkansu sun bayyana a tafiyar Voulet. Bambancinsa da na cikin fim shi ne yana da ɗaruruwan bindigogi a ƙarƙashinsa, kuma wasiƙa daga inda yake zuwa Paris sai ta yi makonni a hanya.

Wasiƙa ce kuwa ta tona shi. A ƙarshen Janairu ya kori wani hafsansa, Laftanar Peteau, bayan saɓani ya shiga tsakaninsu. A watan Fabrairu Peteau ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, takardar ta bi hannu-hannu har ta kai ga ministan ƙasashen mallaka, Antoine Guillain. A watan Afrilu aka ba da umarnin Laftanar-Kanar Arsène Klobb, wanda ke riƙe da Tumbutu, ya bi sawun ayarin ya karɓe ragama.

Kafin Klobb ya iso, ayarin ya riga ya haura ta Dallol Mawri zuwa ƙasar Arewa, maƙwabciyar Kurfai. Ranar 16 ga Afrilu suka afka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. Mutanenta suka tsaya da baka da kibiya, sannan suka ja cikin kurmi, Faransawa suka ƙona harsashi kusan 7,000, suka rasa sojoji huɗu, ba su kuma kama ta ba. Ranar 8 ga Mayu aka yi mafi munin kisan a Birnin Ƙonni, inda aka cinna wa gari wuta, aka hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. Daga can suka nausa gabas ta Tibiri zuwa ƙasar Tasawa.

Klobb bai sha wahalar gano hanya ba. Da sojoji kusan 50 da Laftanar Octave Meynier, ya bi toka da rijiyoyin da aka cika da gawa. A Koran Kalgo ya tarar da gawarwakin 'yan mata ƙanana rataye a rassan itatuwa. Da ya matso kusa ya aika da saƙo, Voulet ya mayar masa da amsar cewa in ya ƙara taku zai buɗe masa wuta. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, suka yi ido biyu a Dankori. Klobb ya hana mutanensa harbi, ya taho a kan doki cikin kakinsa. Voulet ya ba da umarni, aka harbe shi har lahira, Meynier ya ji rauni.

Da yammacin ranar Voulet ya cire alamun muƙaminsa, ya shaida wa hafsoshinsa cewa ya fita daga Faransanci, shi yanzu sarkin baƙar fata ne da zai kafa daularsa. Sojojin da suka yi wata bakwai suna kashe masa mutane suka gane cewa in suka bi shi ba su ba komawa gida. Ranar 16 ga Yuli suka harbe Chanoine. Washegari, 17 ga wata, wani mai gadi ya harbe Voulet yayin da yake ƙoƙarin komawa sansani. Ya mutu yana da shekara 32, aka rufe su biyun a Maijirgi.

Mutuwarsa ba ta tsayar da tafiyar ba. Sauran hafsoshin suka ci gaba da rundunar, suka ci Damagaram a ƙarshen wannan watan, daga baya aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Joalland da Meynier suka kai Chadi, inda rundunonin uku suka haɗu suka kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. A Paris, abin da ya fi tayar da ƙura shi ne kisan Kanar Klobb. Aka yi bincike aka rufe shi a 1902, aka jingina komai ga wani ciwon hauka da wai zafin ranar Afirka ke sa wa Bature. Da wannan bayani aka wanke waɗanda suka tura shi ba guzuri, da waɗanda suka yaba masa bayan Wagadugu, aka kuma riƙe ƙasar da ya share wa hanya.

Mulkin da ya biyo baya ya kai ga Filinge da sauran ƙasar Kurfai, da haraji da aikin tilas. A nan ne, a ƙauyen Shikal, a 1925, wasu sababbin iskoki da ake kira Babule ko Hauka suka fara hawa kan wata mata mai suna Shibo da mabiyanta. Iskokin suna kwaikwayon sojoji da kwamandojin Turawa, da faretinsu da tsawarsu. Kwamandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kama su aka tsare, daga baya shi kansa ya zama ɗaya daga cikin iskokin, ana ce masa mugun kwamanda. 'Yan ci-rani suka tafi da wannan bori har Gana, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗinsa Les Maîtres fous a tsakiyar shekarun 1950. Faransa ta ce mutum ɗaya ne ya haukace, talakawan Kurfai kuwa a cikin kakin kansa suka ga haukar.

Masu fim sun sha komawa kan labarin. Med Hondo ya fitar da Sarraounia a 1986, bisa littafin ɗan Nijar Abdoulaye Mamani, ya kuma lashe babbar kyautar bikin FESPACO a 1987, a Wagadugun da Voulet ya fara yin suna. Serge Moati ya yi Capitaines des ténèbres don talabijin ɗin Faransa. A 2020 fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin ya bi hanyar ayarin yana jin ta bakin jikokin waɗanda aka kashe, ya kuma kwatanta Voulet da Kurtz na littafin Joseph Conrad, wanda aka fara bugawa a mujalla cikin watannin da ake wannan kisa.

Bayan fitowar fim ɗin, wakilan garuruwan da abin ya shafa sun kai kokensu gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman Faransa ta amsa laifi ta buɗe kundin ajiyarta. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta bi ta Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram tana bin kusan sawun da ayarin ya bi, kuma kaburburan Voulet da Chanoine suna nan a Maijirgi. Mutanen da suka kashe a Sansane-Hausa da Lugu da Ƙonni da Koran Kalgo, mafi yawansu ko sunayensu ba a rubuta ba.