Alois Alzheimer (1864–1915): Likitan da Ya Raba Gigin Tsufa da Tsufa

Bahaushe kan ce wane ya shiga gigin tsufa idan dattijo ya fara manta sunayen jikokinsa ko hanyar gidansa. Kalmar da kanta ta jingina lamarin ga shekaru. Alois Alzheimer na cikin likitocin farko da suka nuna cewa akwai cuta a ƙarƙashinsa.

An haife shi ranar 14 ga Yuni, 1864, a garin Marktbreit na ƙasar Jamus. Ya karanci likitanci, kuma a 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt. A can ne, a 1901, aka kawo masa wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, wadda mantuwa da ruɗewa suka addaba tun ba ta tsufa ba. Da ta rasu a 1906, ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya tarar da dunƙulen wani abu tsakanin ƙwayoyin jijiya da kuma zarurruka a cukurkuɗe a cikinsu. Ya gabatar da sakamakon a Tübingen cikin Nuwamba na shekarar, amma mahalarta taron ba su kula ba. A 1910 maigidansa, Emil Kraepelin, ya raɗa wa cutar sunansa. Alzheimer ya rasu a Breslau ranar 19 ga Disamba, 1915.

Ya bar tambaya guda: me ke kashe ƙwayoyin? Bayan 1950, Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka gano wani sinadari da jiki ke samarwa domin raya jijiyoyi, aikin da ya ba su lambar Nobel a 1986. Daga bisani aka fahimci cewa wasu ƙwayoyin da ke taimaka wa tunawa sun dogara da sinadarin, kuma suna cikin waɗanda ke lalacewa a wannan cuta. An gwada isar da shi cikin ƙwaƙwalwar majinyata a Amurka, sai dai rahoton 2018 bai nuna sauƙi ba.

Har yau babu maganin da ke warkar da cutar. Duk da haka, iyalin da suka kai dattijonsu Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kusa da Gyadi-Gyadi a Tarauni, maimakon su ce tsufa ne kawai, suna cin gajiyar abin da Alzheimer ya gano.