Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa da Hulɗar Nijeriya da Ƙasashen Waje

A zangon da ya wuce, ƙungiyarmu ta muhawara ta yi gardama a kan shugabanninmu na farko. Wani abokina ya tashi ya ce wai Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yaron Turawa ne, abin da Ingila ta ce shi yake yi. Aka yi masa tafi, ni kuwa na rasa amsa, don ban san komai game da mutumin ba sai hotonsa da ke jikin naira biyar. Kunyar wannan rana ce ta kai ni laburare, ga kuma abin da na samo.

An haifi marigayin a shekarar 1912 a ƙasar Bauchi. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sa'an nan ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa. A lokacin ne ya rubuta littafin nan Shaihu Umar. A 1945 ya tafi Landan ƙaro ilmi, da ya dawo ya shiga siyasa. Ya zama minista a 1952, kuma Firayim Minista a 1957, a ƙarƙashin jam'iyyar NPC wadda Sardaunan Sakkwato yake shugabanta.

Da aka sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, duniya ta rabu biyu, ga Amurka da mutanenta, ga Rasha da nata, kowa na neman sababbin ƙasashe su bi shi. Indiya, wadda ta sami 'yanci tun 1947, ta riga ta zaɓi hanyar 'yan ba-ruwanmu a ƙarƙashin Nehru. Shi Abubakar bai ɓoye cewa ya fi sabawa da Ingila ba, kuma Nijeriya ba ta halarci taron 'yan ba-ruwanmu na Belgrade a 1961 ba. A nan abokina yana da 'yar gaskiya. Amma da kansa ya je Majalisar Ɗinkin Duniya ran 7 ga Oktoba 1960, inda muka zama ƙasa ta 99, ya nuna cewa Nijeriya za ta duba kowace magana bisa cancantarta. Nehru ma ya kawo masa ziyara Legas a 1962.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar Faransa. A cikin Disamba 1960 Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya karo na uku a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Mu mutanen Sakkwato mun san daga inda iskar hunturu take tasowa, mun kuma san ba ta neman fasfo a kan iyaka. A farkon Janairu 1961 gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa, ta hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa, alhali ƙasar ba ta fi wata uku da samun 'yanci ba. Daga baya aka janye hanin jiragen, saboda maƙwabta irin su Nijar da Cadi, waɗanda kayansu ke bi ta tashoshinmu, sun shiga wahala. Ashe bayan fushi akwai duban maƙwabci.

Haka nan a taron Kwamanwel na Maris 1961 yana cikin waɗanda suka matsa wa Afirka ta Kudu lamba a kan wariyar launin fata, har ta fice. Ya aika da soja da 'yan sanda Kwango kiyaye zaman lafiya. Akwai kuma yarjejeniyar tsaro da ya ƙulla da Ingila, wadda ɗaliban jami'ar Ibadan suka yi wa zanga-zanga. Wannan kuskure ne a ganina, amma bai yi taurin kai ba, aka soke ta a Janairu 1962.

Game da haɗa kan Afirka, Kwame Nkrumah na Gana yana son a kafa gwamnati ɗaya nan take. Abubakar yana ganin a fara da ciniki da hanyoyi da mutunta iyakar juna. Da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa cikin Mayu 1963, ra'ayin ɓangarensa ne ya rinjaya.

Aikinsa na ƙarshe shi ne taron Kwamanwel a kan Rodeshiya, wanda ya shirya a Legas cikin Janairu 1966. Bayan 'yan kwanaki, ran 15 ga watan, sojoji suka yi juyin mulki, suka ɗauke shi suka kashe. Kabarinsa yana Bauchi.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ban ce ba shi da kuskure ba, amma wanda ya kori jakadan Faransa bai cancanci a kira shi yaron kowa ba. Na roƙi malaminmu a sake wannan muhawara a zango mai zuwa, abokina kuwa ya shirya. Allah ya jiƙan Abubakar da rahama, amin.