Samanja Chari Maigumeri, Sojan da Ya Ga Yaƙin Duniya Biyu

'Yan'uwa mazauna Lokoja. Kullum muna jin sunan Barikin Chari Maigumeri, amma da yawanmu ba mu san mai sunan ba.

Marigayin Babarbare ne, mutumin ƙasar Barno. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru a 1913, kuma da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ya nuna bajintar da ta sa Jamusawa suka ba shi lambar jarumta. A 1915 Turawan Ingila suka ci Garwa, suka kama shi. Da suka ga irin namijin da suka samu, sai suka ɗauke shi soja a 1917, ya je Gabashin Afirka ya yaƙi iyayen gidansa na da.

Sannu a hankali ya hau har ya zama Samanjan bataliya ta uku ta rundunar Nijeriya. A Yaƙin Duniya na Biyu ya gwabza da Italiyawa a Habasha, sa'an nan da Jafanawa a dajin Bama, kuma kowane fage da lambarsa ya dawo. A 1953 ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, a shekarar kuma ya ajiye kaki, aka girmama shi da muƙamin Kyaftin.

To, shi dai ya dawo gida, har sunansa ya hau bariki. Dubban da suka tafi tare da shi fa? Da yawa ba su ga gida ba, danginsu ko kabarinsu ba su sani ba. Domin irinsu aka gina dandalin tunawa da sojojin yaƙin duniya a garin nan, mai igwogi da allon sunaye.

Wasu na ƙyamar wurin, wai gunki ne. 'Yan'uwa, ba wanda ya ce a yi masa sujada. Tarihi ne, kuma rana da ruwan sama ba sa barin ƙarfe da rubutu. Ran da suna ya goge, mai shi ya ɓace ke nan.

Shawarata ga ƙungiya, mu nemi izinin hukuma, mu yi karo-karo na fenti da siminti, matasa su fito aikin gayya, mu kai yaranmu su karanta sunayen. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.