URWATU ƊAN ZUBAIRU, MAI ROƘON ALLAH A WUYA DA DAƊI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai amsa kiran wanda ya kira Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, sanannen abu ne ga halin ɗan Adam cewa idan ciwo ya kwantar da shi, ko bashi ya yi masa katutu, ko damina ta yi gardama, nan da nan yakan ɗaga hannuwa sama yana ƙanƙan da kai. Amma da zarar an yaye masa, sai hannuwan su sauka, carbi ya koma rataye a ƙusa. Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan hali a wurare da dama, kamar a cikin Suratu Yunus da Suratuz Zumar. Filin na wannan mako ya ƙunshi tarihin wani bawan Allah wanda roƙonsa a ranar samu daidai yake da roƙonsa a ranar rashi, watau Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin malaman fiƙihu bakwai na birnin Madina, Allah Ya yi masa rahama.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Urwatu a Madina wajen shekara ta 23 bayan Hijira, watau 644 Miladiyya, daidai ƙarshen halifancin Sayyadina Umaru da farkon na Sayyadina Usmanu. Mahaifinsa shi ne Zubairu ɗan Awwamu, ɗaya daga cikin goman nan da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma ɗan Safiyya goggon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifiyarsa kuwa ita ce Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu, wadda ta shirya wa Annabi da mahaifinta guzuri a lokacin Hijira. Saboda haka Nana A'isha, Uwar Muminai, ƙanwar mahaifiyarsa ce.

Wannan dangantaka ta buɗe masa ƙofar da take rufe ga sauran ɗalibai. Da yake shi muharraminta ne, yakan shiga ɗakin Nana A'isha ya zauna gabanta ya yi ta tambaya a kan salla da azumi da aure da yadda Annabi yake zama da iyalinsa. An ruwaito cewa tun kafin rasuwarta a shekara ta 58 bayan Hijira ya riga ya kiyaye abin da ke wurinta na hadisi. Ya kuma ɗauki ilmi wurin Zaidu ɗan Sabitu da Abu Huraira da Abdullahi ɗan Abbas da Abdullahi ɗan Umaru, Allah Ya yarda da su.

Malaman tarihi sun kawo labarin wata rana da shi da 'yan'uwansa biyu, Abdullahi da Mus'abu, suka zauna dab da Ka'aba, kowa ya faɗi burinsa. Abdullahi ya yi burin halifanci. Mus'abu ya yi burin mulkin Iraƙi. Shi kuwa Urwatu burinsa shi ne ya zama malamin da za a riƙa ɗaukar ilmi daga gare shi. Allah cikin ikonSa Ya ba kowannensu abin da ya nema.

ZAMAN WADATA

Urwatu ba matalauci ba ne. Yana da gonaki na dabino, ya kuma gina gida a kwarin Aƙiƙ, yamma da Madina, inda ya haƙa rijiya mai daɗin ruwa wadda sunansa ya bi ta, ake ce mata Rijiyar Urwatu. Yana da 'ya'ya maza, yana da girma ga jama'a, sarakuna kuma suna ganin mutuncinsa. Sa'ad da Umaru ɗan Abdul'azizu ya zo Madina a matsayin gwamna a shekara ta 87 bayan Hijira, ya tara malamai goma waɗanda zai riƙa shawara da su, Urwatu yana cikinsu.

Irin wannan hali shi ne wanda yawanci yakan sa mutum ya yi sanyi wajen roƙo, domin ba abin da ya matsa masa. Amma a cikinsa ne Urwatu ya kafa wa kansa al'adar da bai saki ba har ya koma ga Allah. Kullum da rana yakan buɗe Mus'hafi ya karanta rubu'in Alƙur'ani, watau izu goma sha biyar, in dare ya yi kuma ya tsaya da shi cikin nafila. Yana yawaita azumi ƙwarai. In kuwa dabino ya nuna, sai ya sa a fasa katangar gonarsa, mutane su shiga su ci su ɗiba, sai an gama kaka a mayar da gini. Duk sa'ad da ya shiga gonar nan, yakan yi ta maimaita ayar nan ta Suratul Kahfi wadda a cikinta mumini yake tunatar da mai gonaki biyu cewa abin da ya samu nufin Allah ne, ba ƙarfinsa ba.

Wata rana ya ga wani mutum yana salla yana gaggawa kamar ana korarsa. Da mutumin ya sallame sai ya kira shi, ya tambaye shi cikin taushi ko ba shi da wata bukata ne wurin Ubangijinsa. Sa'an nan ya gaya masa shi kam a cikin sallarsa yana roƙon Allah kome da kome, har gishiri. Mai wannan magana mutum ne da ke da abin sayen gishirin kasuwa duka. Amma ya san ba ya mallakar ko ƙwaya ɗaya sai wadda aka ba shi.

JARRABAWA A GIDAN ZUBAIRU

Ko da yake yana cikin wadata, baƙin ciki bai yi nisa da gidansu ba tun yana yaro. Yana da shekara kamar goma sha uku aka yi Yaƙin Raƙumi a kusa da Basra, a shekara ta 36 bayan Hijira. An mai da shi daga hanya saboda ƙuruciya. Mahaifinsa ya janye daga fagen yaƙin, amma aka bi shi aka kashe shi a wani kwari da ake kira Wadis Siba'i.

A shekara ta 63 rundunar Sham ta auka wa Madina a ranar da aka sani da Harra, aka kashe mutane masu yawa daga 'ya'yan Muhajiruna da Ansaru. A cikin wannan rikici Urwatu ya ƙone littattafan fiƙihu da ya rubuta, abin da ya yi ta nadama a kai daga baya. A shekara ta 72 aka kashe Mus'abu a Iraƙi. A shekara ta 73, watau 692 Miladiyya, Hajjaju ɗan Yusufu ya tsare Makka wata da watanni, har aka kashe Abdullahi aka tsire gawarsa. Ba a daɗe ba tsohuwarsu Asma'u ta bi shi, tana da shekara wajen ɗari.

Urwatu bai ɗauki makami don ramuwa ba. Ya tafi wurin Halifa Abdulmaliki ɗan Marwanu, wanda ya san shi tun suna Madina. Halifa ya tambaye shi ko zai iya gane takobin mahaifinsa, ya ce zai gane shi da wani giɓi da ya samu a ranar Badar. Aka duba aka tarar haka ne, aka ba shi takobin. Daga nan ya koma ga karatunsa da sallarsa ta dare. Daga baya Abdulmaliki ya riƙa aiko masa da tambayoyi a kan Hijira da Badar da buɗe Makka, shi kuma yana amsawa a rubuce. Malam Ɗabari ya adana waɗansu daga cikin wasiƙun nan a littafinsa na tarihi, kuma suna cikin mafi daɗewar abin da aka rubuta a kan tarihin Manzon Allah.

TAFIYAR DIMASHƘA

Babbar jarrabawa ta same shi yana da shekara sittin da ɗoriya. A zamanin Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki, wanda ya hau mulki a shekara ta 86, Urwatu ya tashi daga Madina zuwa DimashƘa, babban birnin daular, tare da ɗansa Muhammadu, saurayi kyakkyawa wanda yake matuƙar so. A hanya wani ƙurji ya fito masa a ƙafa. Kafin su isa, ciwon ya fara cin nama yana hawa. Halifa ya tara masu magani, suka duba, suka ce in ba a yanke ƙafar ba ciwon zai bi jiki duka ya kashe shi.

A zamanin nan zarto ake sa wa ƙashi, tafasasshen mai kuma shi ke tsai da jini. Masu magani suka kawo shawara a ba shi abin da zai gusar masa da hankali don kada ya ji zafi. Ya ƙi, domin bai yarda ya sha abin da zai raba shi da sanin Ubangijinsa ba, ko da na sa'a guda ne. Aka kawo ƙarfafan mutane su riƙe shi, ya ce ba bukata. Ya duƙufa ga hailala da kabbara, mai zarto yana aikinsa. Sai da aka sa dungun cikin mai sa'an nan ya suma. Da ya farfaɗo ya ga ƙafar a hannunsu, ya karɓa ya jujjuya ta, ya shaida wa Allah cewa bai taɓa takawa da ita zuwa saɓo da gangan ba.

A cikin wannan tafiya ɗaya ne ɗansa Muhammadu ya shiga bargar dawakin Halifa, wata dabba ta harbe shi ya mutu nan take. Dattijon da ya fito Madina da ƙafa biyu da ɗa a gefensa, ga shi zai koma ba ƙafa ɗaya, ba ɗan.

An ruwaito cewa a kwanakin nan wani makaho daga ƙabilar Absu ya zo fada. Da can ba wanda ya fi shi dukiya a ƙabilarsu, sai ambaliya ta kwashe iyalinsa da dabbobinsa cikin dare ɗaya, ta bar masa jariri da raƙumi. Raƙumin ya tsere, ya ajiye jaririn ya bi shi, kyarkeci ya ɗauke jaririn, raƙumin kuma ya harbe shi a fuska ya makance. Walidu ya ce a kai shi wurin Urwatu, don ya san akwai wanda masifarsa ta fi tasa.

Abin da masu tarihi suka fi ƙarfafawa shi ne wuridinsa na Alƙur'ani. A tsawon shekarun nan duka bai taɓa barinsa ba sai a daren da aka yanke ƙafar. Kashegari da dare ya koma kansa.

KOMAWA MADINA

Da ya iso gida mutane suka yi ta zuwa ta'aziyya da gaisuwa. Ba wanda ya ji ya yi raki. Addu'ar da aka ji daga bakinsa lissafi ce ta abin da aka bar masa. Ya gode wa Allah da Ya ba shi gaɓoɓi huɗu Ya karɓi ɗaya Ya bar masa uku, Ya ba shi 'ya'ya Ya karɓi ɗaya Ya bar masa saura. Ya ce in Allah Ya karɓa to Ya bar mai yawa, in kuwa Ya jarraba to Ya daɗe Yana ba da lafiya. Wani daga zuriyar Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya zo gaishe shi, ya tuna masa cewa da ma mutane ba kokawa ko tsere suke nema wurinsa ba, abin da suke bukata shi ne ilminsa da hankalinsa, kuma Allah Ya bar musu su. Urwatu ya ji daɗin wannan ta'aziyya fiye da kowace.

Ya ci gaba da karantarwa har ƙarshen ransa. Ya rasu yana azumi a wata gonarsa ta yankin Furu'u, a shekara ta 94 bayan Hijira bisa zance mafi shahara, watau wajen 713 Miladiyya. Ana kiran shekarar nan shekarar malaman fiƙihu, saboda a cikinta ne kuma aka rasa Sa'idu ɗan Musayyibu da Abubakar ɗan Abdurrahmanu da Aliyu Zainul Abidina.

Burin da ya yi a gindin Ka'aba ya cika. Ɗansa Hishamu da almajirinsa Zuhuri sun ɗauki ilminsa, Imamu Maliki kuma ya ɗauka daga wurinsu su biyu. Duk almajirin da ya zauna zauren malami a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Damagaram aka buɗe masa Muwaɗɗa, zai yi ta cin karo da hadisin da Maliki ya karɓo daga Hishamu, daga mahaifinsa, daga Nana A'isha. Mahaifin nan shi ne Urwatu. Haka kuma hadisin farkon saukar wahayi a kogon Hira, wanda ke farkon Sahihul Buhari, ta hannunsa ya biyo.

ABIN LURA

Haƙurin da Urwatu ya yi a ƙarƙashin zarto ba a ranar nan ya samo shi ba. Harshen da ya saba da ambaton Allah a gonar dabino, sa'ad da ba abin da ke yi masa ciwo, shi ne ya ci gaba da ambato a gaban masu magani. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Imamu Tirmizi ma ya ruwaito hadisi daga Abu Huraira mai nuna cewa wanda ke son a amsa masa a lokacin tsanani, to ya yawaita roƙo a lokacin yalwa.

Saboda haka ma'aikacin da albashinsa ke zuwa kan kari, da ɗan kasuwar da cinikinsa ke tafiya, da manomin da rumbunsa ya cika, su ne ya fi kamata su riƙe addu'a yanzu, tun lafiya tana nan. Wanda kuma yake cikin ciwo ko rashi ko bashi, ya roƙi Allah yayewa da iyakar zuciyarsa, ya nemi magani kamar yadda Urwatu ya yarda da masu magani, kana ya ƙidaya abin da aka bar masa, domin lalle zai tarar ya fi abin da aka karɓa.

Allah Ya jiƙan Urwatu ɗan Zubairu, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Musulmi dacewa da tuna Shi a wuya da daɗi. Amin.